Heinrich Wieland: Bajamushen Da Ya Binciki Matsarmama

Daga Wakilinmu, Jos

DUK wanda ya taɓa tsayawa gaban teburin mahauci, ko a Kabong a nan Jos, ko a mayankar Oko-Oba ta Agege, ko a Bodija ta Ibadan, ya ga yadda a kan yi da matsarmama. Mahauci ya kan sa bakin wuƙa ya ɓamɓare ta daga jikin hanta a hankali, sa'an nan ya yar. In kuwa ta fashe ta taɓa nama, ciniki ya ɓaci, gama ba mai sayen ɗaci da kuɗinsa.

To, jama'a, wannan 'yar jaka mai koren ruwa da a ke yarwa, ita ce wani Bajamushe ya yi shekara 20 yana bincikawa, har ta kai shi ga samun lambar Nobel, watau lambar da ta fi kowace girma a fagen ilmin kimiyya. Sunansa Heinrich Otto Wieland. Labarinsa ya shafe mu ta fuska biyu. Ta farko, aikinsa yana cikin harsashin abin da likitoci suka sani yau game da kolestarol, wannan maiƙo da kan toshe hanyoyin jini ya jawo ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ta biyu kuwa, mutum ne da ya riƙe waɗanda hukuma ta kora, a lokacin da yin haka ya kan kai mutum ga halaka. Wanda ya taɓa sauka Sabo ko Idi-Araba da 'yar jakarsa bai san kowa ba, ba sai an gaya masa darajar maigida nagari ba.

ASALINSA

An haifi Wieland ran 4 ga watan Yuni, 1877, a Pforzheim, wani gari a kudu maso yammacin Jamus da ya yi suna wajen ƙirar kayan ado. Mahaifinsa, Theodor Wieland, masanin ilmin sinadarai ne, watau kemistiri, yana kuma da ma'aikatar tace zinariya da azurfa a garin. Saboda haka yaron ya tashi yana ganin yadda a ke narka ƙarfe a raba mai daraja da gurɓatacce.

Da ya gama makarantar sakandare, sai ya yi karatun kemistiri a Munik da Balin da Stuttgart. A 1901, yana da shekara 24, ya sami digirin dakta a Jami'ar Munik a hannun malaminsa Johannes Thiele. Ya ci gaba da zama a Munik yana koyarwa yana bincike. A 1908 ya auri Josephine Bartmann, suka haifi 'ya'ya huɗu, uku maza, ɗaya mace mai suna Eva. Mai karatu ya riƙe sunan wannan yarinya, za mu sake gamuwa da ita.

Wieland ba mutum ne mai tsayawa kan abu guda ba. A tsawon rayuwarsa ya binciki dafin kwaɗo, da gubar wani irin naman kaza mai kisa, da launin fukafukan malam-buɗe-littafi, da yadda jiki ke ƙona abinci ya sami ƙarfi. Amma aikin da ya fi cin ransa shi ne wanda ya soma a 1912, watau na ruwan matsarmama.

ABIN DA KE CIKIN JAKAR

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu san ko mene ne wannan ruwa. Hanta ce ke yin sa, wajen rabin lita ko fiye a kowace rana a jikin babban mutum. Ita matsarmama rumbu ce kawai, tana tara shi tana kaurara shi. Da zarar abinci mai maiƙo ya shiga hanji, sai ta matse ta zuba shi a kai. Shi ya sa doki da raƙumi, waɗanda ba su da matsarmama sam, su ke rayuwarsu lafiya lau, domin hantarsu tana zuba ruwan kai tsaye cikin hanji.

Aikin ruwan kamar na sabulu ne. Kowa ya san mai da ruwa ba su haɗuwa, kuma kwanon da aka ci miyar man ja ba ya fita da ruwa zalla. Haka kitse ya ke a cikin hanji. Waɗansu sinadarai da ke cikin ruwan matsarmama, waɗanda a ke kira asid ɗin matsarmama, su ke farfasa maiƙo ya zama ƙanana-ƙananan ɗigo yadda jiki zai iya tsotsewa. A 1916 Wieland da abokin aikinsa Hermann Sorge suka nuna yadda ɗaya daga cikin waɗannan asid ya kan rungumi maiƙo, su zama abu guda da zai iya narkewa.

Shi kuwa kolestarol, an daɗe da saninsa. A cikin duwatsun da kan fito a matsarmamar mutum aka fara samunsa, kuma wani Bafaranshe, Michel Chevreul, shi ya raɗa masa suna a 1815, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar daskararren ruwan matsarmama. A 1913 wani likitan Rasha, Nikolai Anichkov, ya yi ta ciyar da zomaye kolestarol, sai ya tarar hanyoyin jininsu sun yi kauri sun cushe kamar na tsofaffin mutane. Amma a wannan lokaci ba wanda ya san siffar kolestarol, balle dangantakarsa da asid ɗin matsarmama.

Neman siffar sinadari a wancan zamani aiki ne na mai haƙuri. Ba na'urorin da a ke da su yanzu. Misalinsa kamar a ce mutum ya zana fasalin gida alhali ba a bar shi ya gan shi ba, sai dai a riƙa rushe gidan ɗaki-ɗaki ana kawo masa tubala yana ƙirgawa. Wieland da ɗalibansa su kan samo ruwan matsarmamar shanu, su tace asid ɗin, su yanke shi gunduwa-gunduwa da waɗansu sinadarai masu ƙarfi, su auna kowace gunduwa, sa'an nan su yi lissafin inda ta fito. Da haka ya gano asid iri uku da aka sani a lokacin duk ƙashin bayansu ɗaya ne, mai ƙwayar kabon 24, wanda a ke kira asid kolanik.

A can Jami'ar Göttingen kuma akwai wani masani, Adolf Windaus, wanda ya duƙufa kan kolestarol, mai ƙwayar kabon 27. A 1919 Windaus ya datse kabon 3 daga wutsiyar wani ɗan'uwan kolestarol, sai ga asid kolanik ya fito, irin na Wieland sak. Nan aka tabbata kolestarol da asid ɗin matsarmama 'yan gida ɗaya ne. A 1924 kuma suka sake haɗuwa a kan wani sabon asid, Windaus ya samo shi a matsarmamar dinya, Wieland ya samo shi a ta mutum. Sunansa kinodiyoksikolik. Shi ma mai karatu ya riƙe shi.

TABON YAƘIN FARKO

Ba daidai ba ne a ba da tarihin mutum a ɓoye aibinsa. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, a 1917 da 1918, Wieland ya yi aiki a wata cibiyar bincike a Dahlem cikin birnin Balin, ƙarƙashin Fritz Haber. Aikin wurin kuwa shi ne harhaɗa iskar guba da a ke harbawa fagen fama, wadda ta makantar da dubban sojoji, ta ƙone musu huhu. Wieland yana cikin masanan da suka sa hannu a wannan aiki. Wannan tabo ne a tarihinsa, kuma ba abin da ya yi daga baya da zai shafe shi.

Bayan yaƙi, a 1921, ya zama shaihun malami a Jami'ar Freiburg. A 1924 wani abu ya faru a Munik. Shugaban sashen kemistiri na jami'ar, Richard Willstätter, wanda ya ci lambar Nobel a 1915, ya ajiye aiki don fushin yadda a ke hana ƙwararrun malamai kujera saboda kawai su Yahudawa ne. Shi kansa Bayahude ne. A 1925 aka kira Wieland ya gaji kujerarsa. Watau tun ranar da ya shiga ofishin ya san dalilin da ya sa mai shi ya fita.

LAMBA DA KUSKURE

A watan Disamba na 1928 Wieland da Windaus suka tafi Istokholm, babban birnin Siwidin. Aka ba Wieland lambar Nobel ta kemistiri ta shekarar 1927, wadda aka jinkirta bayarwa, aka ba Windaus ta 1928. A nan suka nuna wa duniya zanen siffar da suka gano, mai zobba huɗu a manne da juna, kamar gida mai ɗaki huɗu.

Ashe zanen ba daidai ba ne. A 1932 wani masani a Kambirij ta Ingila, John Desmond Bernal, ya haska wani dangin kolestarol da hasken eksire, ya ga abin dogo ne siriri, alhali zanen Istokholm ya nuna shi a dunƙule. Nan da nan waɗansu masana biyu a Landan, Otto Rosenheim da Harold King, suka fito da wani sabon zane.

A wannan lokaci Wieland yana da shekara 55, ga lambar Nobel a hannu, ga ɗalibai daga ƙasashe daban-daban. Da wani ne, da ya tsaya gardama don kare sunansa. Shi kuwa sai ya koma ɗakin gwaji tare da wata ɗalibarsa, Elisabeth Dane, suka sake bin sawun aikin, suka gano inda wata ƙa'ida da suka dogara a kanta ta yaudare su. Kafin shekarar ta ƙare suka buga gyararren zane, wanda ya zo daidai da gyaran da su Rosenheim suka yi wa nasu. Zobba huɗu ne dai, amma a jere, uku masu kusurwa shida, ɗaya mai kusurwa biyar. Shi ne zanen da ke cikin littattafan makarantu har yau.

Wannan gyara ya buɗe ƙofofi da yawa, domin sai aka ga sinadaran da ke bambanta namiji da mace, da kotizon, da bitamin D, duk daga wannan gida mai ɗaki huɗu suka fito. Watau kolestarol ba abokin gaba ba ne. Jiki da kansa ya ke yin wajen giram ɗaya kullum, domin da shi a ke gina bangon ƙwayoyin halitta, kuma ƙwaƙwalwa cike ta ke da shi. Yawansa a cikin jini ne ke zama cuta.

ZAMANIN HITILA

A 1933 Hitila ya karɓi mulkin Jamus. Aka soma korar Yahudawa daga aikin gwamnati da jami'o'i. A 1935 aka kafa dokokin Nuremberg, waɗanda suka kasa mutane bisa ga jinin kakanninsu. Wanda uwarsa ko ubansa ya fito daga Yahudawa, ko da shi bai taɓa shiga majami'arsu ba, sai a lissafa shi rabin Bayahude, a riƙa tsananta masa har karatu ya gagare shi. Malamai da yawa suka yi shiru, waɗansu ma suka yi murna don kujeru sun samu.

Wieland bai shiga jam'iyyar Nazi ba, an kuma san shi da ƙin ɗaga hannu ya yi gaisuwar Hitila. Bai hau mumbari ya yi wa gwamnati tawaye ba. Abin da ya yi shi ne ya buɗe ƙofar ɗakin gwajinsa. Samari da 'yan mata da dama waɗanda doka ta matsa wa, ya karɓe su a matsayin baƙinsa, ya ba su tebur da kayan aiki, ya koyar da su kamar kowa. Girman sunansa ya zama musu inuwa.

Cikinsu akwai wata yarinya, Hildegard Brücher, wadda kakarta Bayahudiya ce. Ta gama digirin dakta a hannunsa a 1945. Daga baya ta shahara da sunan Hildegard Hamm-Brücher, ta zama ƙaramar ministar harkokin waje ta Jamus ta Yamma daga 1976 zuwa 1982.

Akwai kuma wani saurayi, Hans Leipelt, wanda ya tashi a Hamburg. Ya yi wa Jamus aikin soja, amma a 1940 aka sallame shi saboda asalin mahaifiyarsa. Da karatu ya gagare shi a garinsu, sai ya taho Munik wurin Wieland.

SHARI'AR DONAUWÖRTH

A watan Fabrairu na 1943 aka kama waɗansu ɗaliban Jami'ar Munik, Hans Scholl da ƙanwarsa Sophie, suna watsa takardun suka ga Hitila. Ƙungiyarsu ita a ke kira Farin Wardi. Cikin kwana huɗu aka yanke musu hukunci aka kashe su. A watan Yuli aka kashe malaminsu, Kurt Huber, ya bar mata da 'ya'ya biyu ba abin ci.

Leipelt da wata ɗaliba a ɗakin gwajin Wieland, Marie-Luise Jahn, suka sami takardar ƙarshe ta ƙungiyar, suka kwafe ta da keken rubutu suka rarraba. Suka kuma shiga tara wa matar Huber gudummawa a ɓoye. Wani ya kai tsegumi. A watan Oktoba na 1943 'yan sandan ciki, watau Gestapo, suka kama su tare da waɗansu abokan karatunsu.

Aka yi shari'ar ran 13 ga watan Oktoba, 1944, a wani ƙaramin gari, Donauwörth, gaban kotun da ta yi suna wajen aika mutane lahira. A irin wannan rana, ko dangi su kan yi nesa. Wieland, tsoho mai shekara 67, ya taso ya zo ya tsaya a matsayin mai shaidar kare ɗalibansa. Leipelt ya ɗora wa kansa laifin duka don ya kuɓutar da yarinyar. Aka yanke mata ɗaurin shekara 12, shi kuwa aka yanke masa hukuncin kisa. Ran 29 ga watan Janairu, 1945, aka kashe shi a kurkukun Stadelheim na Munik, yana da shekara 23, saura wata uku da 'yan kwanaki yaƙi ya ƙare. Shaidar Wieland ba ta cece shi ba, amma ya zo. Marie-Luise Jahn ta fita da rai bayan yaƙi, ta zama likita.

Kafin a ajiye makamai, bama-bamai sun rushe ɗakunan gwajin Wieland. Garin haihuwarsa ma, Pforzheim, an ƙone shi a dare ɗaya, ran 23 ga watan Fabrairu, 1945, mutum fiye da 17,000 suka mutu. Tsohon ya ci gaba da riƙon sashen har ɗalibinsa Rolf Huisgen ya gaje shi a 1952. Ya rasu ran 5 ga watan Agusta, 1957, yana da shekara 80.

WAƊANDA SUKA ƊORA

Wieland ya nuna kolestarol da asid ɗin matsarmama kamanninsu ɗaya. Amma wane ne ya haifi wani? Wanda ya ba da amsa shi ne Konrad Bloch, wani Bayahude da ya yi karatu a Munik har aka tilasta masa barin ƙasar a 1934. A 1943, a Jami'ar Kolambiya ta birnin New York, shi da abokan aikinsa suka yi wa kolestarol alama suka sa a jikin kare, sai ga alamar ta fito a cikin asid ɗin matsarmamarsa. Watau hanta ce ke juya kolestarol ya koma asid.

A 1964 aka raba lambar Nobel ta likitanci tsakanin Bloch da Feodor Lynen, saboda gano yadda jiki ke ƙera kolestarol da kitse. Shi Lynen ɗalibin Wieland ne, kuma shi ya auri Eva, 'yar malaminsa, a 1937.

Muhimmancin wannan shi ne, jiki yana iya ƙona sukari da kitse, amma ba ya iya ƙona zobban nan huɗu na kolestarol. Babbar hanyar fitar da shi ita ce ta ruwan matsarmama. Ga yadda abin ya ke. Duk asid ɗin matsarmama da ke jikin mutum giram 2 zuwa 4 ne, bai wuce ƙaramin cokalin shayi ba. Idan ya gama aikinsa a hanji, sai ƙarshen ƙaramin hanji ya tsotse wajen kashi 95 cikin 100 ya mayar wa hanta, a sake zubawa, sau da yawa a yini. Abin da ke ɓacewa a bayan gida bai fi wajen rabin giram ba a rana, kuma hanta ta kan maye gurbinsa da kolestarol.

Misalinsa kamar kamfanin lemon kwalba ne. Ana kai kaya kasuwa, ana dawo da kwalabe, ana sake cikawa. 'Yan kaɗan da suka fashe su kaɗai a ke ƙera sababbi a madadinsu. To, amma wane ne akawun da ke ƙirga kwalaben da suka dawo, ya gaya wa masu ƙira su ƙara ko su rage? Wieland ya rasu ba a san wannan ba.

MARAYU SUN SAMI IYAYE

A tsakiyar ƙwayar halitta akwai cibiya, inda kundin gado ya ke. A cikin wannan cibiya akwai waɗansu furotin da a ke kira masu karɓar saƙo na cibiya. Kowanne yana da ɗan aljihu. Idan sinadarin da ya dace ya shiga aljihun, sai mai karɓar saƙon ya buɗe wani shafi na kundin ko ya rufe, ƙwayar halitta ta soma wani aiki ko ta daina. Elwood Jensen na Jami'ar Shikago shi ya fara gano irinsu a 1958. A 1985 da 1986 Ronald Evans a Amurka da Pierre Chambon a Faransa suka karanto fasalinsu. Yanzu an san ɗan Adam yana da iri 48.

Da yawa cikinsu an same su ba a san saƙon da su ke jira ba, shi ya sa masana suka kira su marayu. Biyu daga cikin marayun nan su ne LXR da FXR. A 1996 ɗakin gwajin David Mangelsdorf a Dallas ya gano LXR yana jiran waɗansu sinadarai ne da kan fito daga jikin kolestarol idan ya taru. A 1999 kuma ƙungiyoyin masana uku, kowace da nata binciken, suka gano saƙon FXR asid ɗin matsarmama ne. Wanda ya fi dacewa da aljihunsa kuwa shi ne kinodiyoksikolik, wanda Wieland ya tace daga matsarmamar mutum shekara 75 kafin nan.

FXR shi ne akawun da mu ke nema. Yana zaune a hanta da ƙarshen ƙaramin hanji. Idan asid ya dawo da yawa, na hanji sai ya aika wani ɗan saƙo, FGF19, ta cikin jini zuwa hanta, na hanta kuma ya ta da wani furotin mai suna SHP. Su biyun sai su rage aikin CYP7A1, watau ma'aikacin farko a layin juya kolestarol ya zama asid. Idan kuwa asid bai dawo sosai ba, FXR ya yi shiru, sai ƙira ta ƙaru, a ci kolestarol da yawa. Wannan tsaro wajibi ne, gama asid ɗin matsarmama in ya taru ya kan ƙone hanta.

Shi kuwa LXR kamar mai kula da sito ne. In ya ga kolestarol ya cika ƙwayar halitta, sai ya buɗe ƙofofi a fitar da shi, a ɗora a kan HDL, wanda a kan kira mai kyau, a kai hanta, a zubar cikin ruwan matsarmama. A 1998 aka cire wa ɓeraye LXR aka ciyar da su kolestarol, sai hantarsu ta cika maƙil ta lalace. Sai dai a jikin ɓera LXR yana ƙara ƙirar asid kai tsaye, a jikin mutum kuwa ba ya yi. Ban da haka, in aka zuga shi da magani ya kan tara kitse a hanta.

AMFANINMU A CIKI

Wannan ilmi ya bayyana yadda wani tsohon magani, kolestiramin, ke aiki. Gari ne da a ke damawa a sha. Ya kan kama asid a hanji ya hana shi komawa, akawu ya ga kwalabe ba su dawo ba, hanta ta shiga janyo kolestarol daga jini don ta ƙera sababbi. A wani gwaji da aka buga sakamakonsa a Amurka a 1984, wanda aka yi da maza 3,806, maganin ya rage ciwon zuciya da wajen kashi 19 cikin 100. Yanzu likitoci sun fi ba da magungunan statin, waɗanda ke rage ƙirar kolestarol tun daga tushe. Abinci mai harza, irin su wake da ganye da hatsin da ba a surfe ƙwarai ba, shi ma yana taimakawa kaɗan, amma ba ya zama madadin maganin da likita ya rubuta.

Sai gargaɗi guda. Kada wani ya ji wannan labari ya ce bari ya haɗiyi matsarmama ɗanya don magani. A 1995 a ƙasar Saudiyya waɗansu masu ciwon sukari sun sha ruwan matsarmamar tumaki bisa shawarar mai maganin gargajiya, aka kwashe su zuwa asibiti, waɗansu hanta da ƙoda sun taɓu. Jiki yana da nasa ma'auni, ƙari daga waje guba ne.

'Yan'uwa da ke Kudu, musamman waɗanda suka haura shekara 40, masu wuni a zaune a rumfa ana ci da tsire da balangu, ya kamata a riƙa leƙa asibiti a auna hawan jini da kolestarol. Yawansa ba ya ciwo, ba ya ba da alama, sai ranar da ya kā da mutum. Rigakafi ya fi magani.

Tun 1964 a ke ba da wata lambar girma da sunan Heinrich Wieland ga masu bincike, kuma Michael Brown da Joseph Goldstein na Dallas, waɗanda suka gano yadda ƙwayoyin halitta ke janye kolestarol daga jini, sun karɓe ta kafin su ci Nobel a 1985. Shi dai mai sunan ya yi kuskure a aikinsa ya gyara da hannunsa, ya yi aikin guba a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya kuma tsaya wa ɗalibansa a tsufansa ranar da kowa ya gudu. Gobe in mahauci ya ɗaga wuƙa zai yar da matsarmama, mai karatu ya san abin da ke cikinta, ya kuma san wanda ya bincika.